Wayar Mijin Ƙanwata

Ni na kawo akwatin wifi gidanmu na Zongo, kuma sana'a ce ta sa. Leshi da atamfa nake sayarwa, masu sayen kayana da yawa ba a nan Kwatano suke ba, suna Paraku, suna Jugu, wasu har Yamai. Sai in ɗauki hoton kaya in tura musu ta waya, su zaɓa, in ɗaure in kai tasha. Bayan rasuwar mijina na dawo gidan mahaifinmu da zama. A gidan akwai Inna, akwai ƙanena mai sayar da raguna, sai 'yan haya biyu mutanen Nijar a ɗakunan baya. Muka ɗora akwatin a kan firij a falon Inna, ita kuma ta ɗinka masa 'yar riga irin wadda take yi wa rediyonta.

Kafin wani lokaci kod ɗin, wato lambar sirrin shiga, ya zaga rabin layinmu. Ka ba mutum ɗaya, ya ba abokinsa, abokin ya ba ƙanensa. Da yamma sai ka ga samari sun jingina da katangarmu, kowa kai a sunkuye, ni kuwa hoto ɗaya ya yi ta juyawa ya ƙi tafiya. Na koma wurin mutumin da ya haɗa mana shi, ya nuna mini shafin da ake shiga a waya, inda duk wayar da ke shan rezonka, wato intanet ɗinka, take fitowa da sunanta da lokacin da ta shigo. Na canja kod, na ba mutanen gida kawai. Daga nan duba shafin ya zame mini jiki, da na ji abu ya yi nauyi sai in leƙa. Na san wayar kowa a gidan. Na kuma san iyakar inda rezon yake kaiwa, don na taɓa bin gidan da waya a hannu ina gwadawa: tsakar gida, zaure, dakalin ƙofa, da ɗan lungun da ke bayan katangar banɗaki. Da ka tsallaka kwata ya yanke.

Mutum ɗaya ne na waje da na ba sabon kod ɗin, mijin ƙanwata. Ranar Babbar Sallah ce, sun zo cin nama, ya miƙo mini wayarsa yana dariya, na rubuta masa da hannuna.

Direban kamiyo ne, babbar motar nan, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. Dogo ne, mai faran-faran a gaban mutane, idan zai gai da Inna sai ya durƙusa har ƙasa. Suna haya a unguwar Zogbo, suna da 'ya ɗaya da ba a yaye ba. Mun san yana dukan ƙanwata. Ta taɓa zuwa da kumburarren kunci, ta taɓa zuwa tana ɗingishi, kowane zuwa Kawunmu, ƙanen Inna, ya kira mijin ya yi masa faɗa, mijin ya rantse, a ce mata ta yi haƙuri ta koma.

Ranar da ta gudo ta ƙarshe damina ce. Ina tsakar gida ina ninke kaya bayan azahar, sai na ji babur ya tsaya a ƙofa. Mai zem ne, wato ɗan acaɓa, ya fara shigowa, rigarsa rawaya duk jini a kafaɗa, yana rungume da jaririyar. A bayansa ƙanwata, ba takalmi ba mayafi, ta tallafe hannunta na hagu da na dama. Ban gane ta nan take ba. Idonta ɗaya ya rufe ruf, leɓenta ya fashe, kunnenta ya tsage tun daga hudar ɗankunne har ƙasa, jinin ya bi wuyanta ya bushe.

"Yaya," ta ce, "ki sallami mai zem, ban fito da komai ba."

Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallonta. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi jikarta, ta duba jikinta ko'ina, sannan ta ce, "Me kika yi masa?"

"Ruwa ya shiga ɗakin ƙawata a Laji, na je taya ta kwashe kaya. Ban san yau zai dawo ba."

Ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle, ya zauna ya jira ta. Da ta shigo ya sa sakata, ya ƙara ƙarar rediyo. Da bel ɗin wandonsa ya fara. Da bel ɗin ya tsinke ya ɗauki muciya. Yarinyar tana goye a bayanta, ita kuma tana ta juyawa don kada duka ya same ta, a nan ta ɗaga hannu ta kare, muciyar ta sauka a kan ƙashin. Ta ce ta ji ƙarar karyewar kafin ta ji zafin. Da ya gaji ya shiga wanka, ita kuma ta zare sakatar ta fita da gudu.

A asibiti aka ɗinke kunnen, aka sa wa hannun filasta. Wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce, "Ku karɓi takardar likita ku tafi komisariya wurin 'yan sanda, yanzu akwai doka a kan irin wannan." Na faɗa wa ƙanwata, ta girgiza kai.

"Idan na kai shi, kashe ni zai yi."

Da ƙanena ya dawo daga wurin raguna ya gan ta, sai ya shiga ɗakinsa ya fito da wuƙar yanka. Inna ta tare zaure da jikinta.

"Ka ajiye," ta ce. "Idan ka fita da wannan wuƙar ban yafe maka ba. Ita dai ba inda za ta koma, wannan na faɗa, ko Kawunku ne ya zo."

Washegari da hantsi mijin ya zo. Wannan karon babu durƙuso. Ya tsaya a ƙofar gida yana dukan ƙyaure da ƙafa, yana cewa a fito masa da matarsa da 'yarsa. Ƙanena ya fita, suka cakumi juna, suka faɗa kan teburin mai koko, tukunya ta kife. Da ƙyar maƙwabta suka raba su. Yana tafiya yana waige yana nuna gidanmu da yatsa.

"Matata ce! Ko a rami kuka sa ta sai na tono ta!"

Kawu ne ya kawo shawarar a ce an tura ta Jugu wurin Gwaggonmu. Muka baza maganar a unguwa, aka faɗa wa mai koko, aka faɗa wa mai wanki, don mun san nan take za ta kai Zogbo. Ƙanwata kuwa tana ƙuryar ɗakin Inna. Muka cire sim ɗin wayarta. Kayan yarinyar a cikin ɗaki ake shanya su. Idan ta fara kuka sai uwar ta yi maza ta ba ta nono, ko Inna ta kunna rediyo. Haka muka zauna makonni, kamar mu muka yi laifin. Ƙanwata ba ta barci sosai, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ta zabura ta rungume hannunta.

Sai labari ya zo daga wajen direbobi cewa ya yi lodi ya tafi Yamai. Ranar Inna ta bar ƙanwata ta fito tsakar gida ta sha iska, na yi mata kitso, har ta yi dariya da gefen bakinta da ya warke.

Ranar Juma'ar da abin ya faru lokacin kamfen ne. Tun safe motoci masu lasifika suke wucewa a babban titi, 'yan zem sun ɗora rigunan jam'iyya a kan nasu. Da rana ta take sai unguwa ta yi tsit kamar yadda take yi duk Juma'a. Ƙanena ya yi wanka ya tafi masallaci, 'yan hayarmu ma suka bi shi. Layinmu ba kowa sai wata mata 'yar unguwar Plakoji mai sayar da busasshen kifi, wadda ta yi shekaru tana zama a gindin katangar da ke kallon ƙofarmu. Ba musulma ba ce, Juma'a ba ta tashe ta. A gida daga ni sai Inna sai ƙanwata da 'yarta.

Ina zaune a falo ina tura wa wata mata a Paraku hotunan leshi, sai abin ya yi nauyi. Na ce a raina ko ɗaya daga cikin 'yan haya ya sake ba wani kod. Na buɗe shafin. Wayata tana nan. Ta Inna tana nan. Talabijin yana nan. A ƙasansu akwai wata, da sunan da abokansa direbobi suke kiransa da shi, wanda ya rubuta a goshin motarsa.

Na rufe shafin na sake buɗewa, ko tsohon abu ne ya maƙale. Sunan bai tafi ba. Na dubi lokacin da ke gefensa. Tun da hantsi wayar ta shigo, tun ƙanena yana gida yana karyawa. Ba Yamai ya tafi ba. Yana nan a jikin gidanmu, wayarsa ta tuna kod ɗin ta shiga da kanta bai sani ba, shi kuwa yana zaune yana jiran maza su fita.

Na tashi na leƙa zaure, ba kowa. Na leƙa ta kafar ƙyaure, dakali ba kowa. Wuri ɗaya ya rage. Na cire takalmina na taka a hankali zuwa banɗaki na tsaya a jikin katanga. Warin taba na fara ji. Sai kuma na ji ƙarar saƙo ya shiga waya, nan a bayan bulo ɗin da na dafa.

Na kira ƙanena, wayarsa ta yi ta ƙara bai ɗauka ba, an fara huɗuba. Na kira Kawu, a kashe. Na shiga ɗakin Inna na faɗa musu cikin raɗa. Ƙanwata tana zaune a bakin gado, sai na ga fitsari yana bin ƙafarta, ita ba ta ma sani ba.

"Tashi," na ce mata. "Ɗauki yarinyar."

Ɗakin da nake ajiye kayana shi kaɗai ke da ƙofar ƙarfe. Na tura su ciki, na ce ta ɓuya bayan dilolin atamfa, na sa kwaɗo ta waje, na wurga makullin kan rufin kwano. Na ruga zaure na buɗe ƙyaure na yafito mai kifi.

"Mama, mijin ƙanwata yana bayan gida, ba namiji ko ɗaya. Ki nemo mana mutane."

Ta dubi layin, ta dube ni, ta tashi tana ɗaura zani.

Ina juyowa na ji yarinyar ta fashe da kuka. Duhun ɗakin da zafinsa ne suka firgita ta. Kukan ya cika gidan. Na ga hannaye biyu sun kama saman katanga, sai kai, sai ƙafa. Ya diro ta kan rufin banɗaki, kwanon ya lotsa. A hannunsa akwai ƙarfen kwance taya.

"Yaya, ina wuni," ya ce. "Ina matata?"

"Tana Jugu."

"To wannan kukan 'yar wa ne?"

Bai jira amsa ba ya nufi ƙofar ƙarfen. Ya ja kwaɗon, ya ga a kulle, ya shiga dukansa da ƙarfen. Kowane bugu sai gidan ya amsa. Daga ciki ƙanwata tana salati da ƙarfi, yarinyar tana tsala ihu. Inna ta fito ba ɗankwali ta kama bayan rigarsa da hannu biyu.

"Kai! Ni ce fa! Ka dube ni, ni ce!"

Ko waigowa bai yi ba. Ya kai hannu baya da ƙarfen a ciki. Inna ta yi baya ta faɗi, kanta ya bugi bakin famfo. Na ga furfurarta ta koma ja.

Tabarya tana jingine a jikin turmi. Ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Na ɗaga da duk ƙarfina na sauke masa a gadon baya. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, na ɗaga zan ƙara, ya juyo ya kama tabaryar ya fizge. Ya naushe ni a baki. Na ji haƙorana sun zubo a kan harshena kamar tsakuwa. Na faɗi, ya bi ni da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, a ƙirji, yana cewa, "Ke ce munafukar, ke kike zuga ta." Numfashina ya ɗauke. Ina kwance ina kallonsa ya koma ya zura ƙarfen a bayan kwaɗon ya danna da nauyin jikinsa. Kwaɗon bai karye ba, amma maƙalar da aka kafe a bango ta fita da siminti.

Ya shiga. Na ji diloli suna zubewa. Ya fito yana jan ƙanwata da hannun da ke cikin filasta. Yarinyar ba ta hannunta, ta cusa ta a bayan kaya. Irin ihun da ƙanwata ta yi ban taɓa jin mutum ya yi shi ba. Ta kama bakin ƙofa da ɗaya hannun, ya ɗaga ƙarfen ya buga a kan filastan, farin gari ya tashi, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Ta saki ƙofar. Ya naɗe kitson da na yi mata a hannunsa ya ja ta a ƙasa, ta kan siminti, ta kan ruwan wanke-wanke, ta gefen Inna da ke kwance, har zaure. Na rarrafa na kama ƙafarsa, ya taka mini yatsu ya wuce.

A bakin zaure ya yi karo da mai kifi. Ba ta iske kowa a layi ba, sai ta dawo da kujerarta ta katako a hannu. Ta rafka masa ita a fuska, ta ja da baya tsakiyar layi, ta buɗe murya tana ihun ɓarawo da yarensu, tana ƙarawa da Faransanci, tana ƙarawa da Hausa. Daidai lokacin aka sallame Juma'a.

Mutane suka kwararo cikin layin da dardumansu a kafaɗa. Abin da suka gani shi ne ƙato da ƙarfe a hannu yana jan mace jina-jina daga cikin gida. Yawancinsu ba su san shi ba, kalmar ɓarawo kawai suka ji. Ya saki gashinta ya ɗaga ƙarfen yana cewa, "Matata ce, matata ce," wani ya jefe shi da bulo a ƙeya. Ya faɗi. Suka rufe shi.

Na jawo ƙanwata cikin zaure na rungume ta. Daga inda nake ina ganin komai ta tsakanin ƙafafun mutane. Rigunan Juma'a farare tas, da takalma suna hawa suna sauka. Wani da sanda, wani da benci, wani da ƙarfen nasa da ya faɗi. Ƙanena ya ratso taron, ya leƙo zaure ya gan mu, ya hango Inna a kwance a tsakar gida, sai ya yi wata irin ƙara ya koma. Ya hau ruwan cikin mijin yana naushin fuskarsa da hannu biyu har fuskar ta daina kama da ta mutum. Da farko mijin yana ihu yana roƙo, daga baya sai gurnani, daga baya ba a jin komai sai ƙarar dukan.

Sai na ji wani yaro matashi yana cewa a kawo taya. Wani ya ruga wurin mai sayar da fetur na kwalba a bakin titi. Na ga tayar tana gangarowa, na ga kwalbar tana wucewa daga hannu zuwa hannu ta saman kawuna. Warin fetur ya shigo har zaure. Dattawa biyu suna ta cewa a bari, a ji tsoron Allah, ba mai sauraronsu.

Inna ce ta wuce ta gabana tana dafa bango. Jini ya rufe mata rabin fuska, zaninta a jiƙe. Na ce, "Inna, ina za ki?" da bakin da ba ya fitar da magana sosai. Ba ta kula ni ba. Ta fita, mutane suka ga tsohuwa cikin jini suka dare, suka ba ta hanya. Ta ture ƙanena, ta zauna daɓas a kan ƙirjin mutumin, a cikin fetur ɗin da aka riga aka zuba masa.

"To ku kunna," ta ce. "Wanda ke da ashana ya kunna."

Ba wanda ya kunna.

"Ni ya fasa wa kai, 'ya'yana ya karya. Ba ɗayanku da ya fi ni jin zafinsa. Amma ba za a ƙone mutum a ƙofar gidan mijina ranar Juma'a ba, ba kuma za a ce wa jikata ga inda aka ƙone ubanki ba. Ku kira 'yan sanda."

Mai riƙe da tayar ya sake ta, ta gangara ta faɗa kwata. Inna ba ta tashi daga kansa ba sai da motar 'yan sanda ta shigo layin, mai unguwa ne ya kira su. Mai kifi ce ta shiga ɗakin kayana ta fito da yarinyar. Ta yi kuka har ta gaji ta yi barci a bayan dilar atamfa, ko ƙwarzane babu a jikinta.

Mu huɗu aka kwasa zuwa asibiti a mota ɗaya, har da shi a kwance a ƙasan motar kusa da ƙafafunmu. An aske kan Inna aka ɗinke. Ni haƙoran gabana sun tafi, haƙarƙarina ya tsage. Hannun ƙanwata sai da aka yi aiki aka sa ƙarfe a ciki. Shi kuwa muƙamuƙinsa ya karye, idonsa ɗaya ya mutu. An tsare ƙanena 'yan kwanaki a komisariya sannan aka sake shi.

Wannan karon ƙanwata da kanta ta ce a kira mata 'yan sandan. Wata 'yar sanda ta zo har gadon asibiti ta rubuta bayaninta. Da ta zo kaina ta tambaye ni yadda aka yi na san yana wurin, na faɗa mata. Ta ajiye biro ta dube ni, ta sa na maimaita, sannan ta rubuta cewa tun hantsi yake laɓe da makami.

Bayan mun koma gida aka fara zarya. Abokansa direbobi suka zo, wani malami daga Zogbo ya zo, duk maganarsu ɗaya, a janye ƙara a sasanta a gida, ai ya ga sakamakonsa. Kawu ma ya fara cewa abin kunya ne a ji mu a kotu. Inna ta ce masa, "Kai ka mayar da ita can har sau nawa? Wannan karon ka zauna ka yi shiru."

Ta ƙarshen zuwa ita ce mahaifiyarsa. Daga arewa ta taso a mota, 'yar ƙaramar tsohuwa, ban taɓa ganinta ba sai ranar biki. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a tabarma. Ta daɗe tana kallon ɗinkin da ke kan Inna.

"Hajiya, an ce ke kika hana a ƙone shi."

"Ba don shi na yi ba," in ji Inna.

"Na sani. Duk da haka na gode."

Sannan tsohuwar ta ce 'yan'uwansa ne suka turo ta ta roƙi a janye. Ƙanwata tana jin su daga ɗaki. Ta fito da hannunta a rataye a wuya, ta durƙusa ta gaishe ta yadda ta saba.

"Inna, ki yi haƙuri," ta ce wa surukar tata. "Ba zan janye ba."

Tsohuwar ta dubi hannun, ta dubi kunnen, ta gyaɗa kai. Ba ta sake roƙo ba. Ta ce a ba ta jikarta ta gani. Aka miƙa mata, ta ɗora ta a cinya tana shafa kanta, yarinyar tana wasa da carbinta. Aka kawo abinci ta ci kaɗan. Da la'asar ta ce za ta tafi, na raka ta bakin titi in tsayar mata da zem. Muna tsaye sai ta kama hannuna ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"'Yata, idan ya fito, kome ya rantse muku da shi kada ku yarda. Ni na haife shi."

Ta hau babur ta tafi, ban sake ganinta ba.

Kotu ta ɗaure shi. Yana ciki aka kai masa takarda ya rubuta saki a gaban shaidu. Da ya fito bai zo Zongo ba, mun ji ya koma garinsu, tuƙi kuma ya gagare shi da ido ɗaya. Hannun ƙanwata bai miƙe daidai ba har yau, ba ta iya ɗaukar bokiti da shi, amma tana iya riƙe almakashi. Yanzu tare muke sana'a, ita ke yanka yadi ni ke ɗaurewa, 'yarta kuma tana makaranta.